Ƙwayar Riɗi

Bayan la'asar Ikhlas ta kawo shi cikin ƙanƙara
daga babban asibitin Wad Madani.
Tsokar hanta ce da allura ta tsinko,
ba ta kai ƙwayar riɗi ba.
Lamba ce a jikin kwalbar, babu suna.
Ta ce, "Manomin auduga ne. Ki lallaɓa,
ba za a sake huda shi ba."

Mahaifina Jariri mahauci ne a Mai Wurno.
Yakan danna babban yatsa a ƙirjin rago
ya ce wannan dusa ya ci, wancan harawar wake,
ga wanda aka ɗura wa ruwa don a cuci mai saye.
Bai taɓa kuskure ba, in ji shi.
Ni ce ke riƙe masa ma'auni,
duwatsun awo suna ƙona mini tafi da rana.

Yanzu ga ni da safar hannu,
ina raba ƙwayar riɗi gida biyu.
Rabi na mayar cikin sanyi.
Rabi na niƙa, na jiƙa a ruwa mai hawa kai,
na girgiza, na jira
har maiƙo ya ware ya koma nasa ɓangare
kamar dangin da suka yi faɗan gado.
Na ɗiga masa baƙon kitse wanda na san nauyinsa,
don mai awo ba ya awo sai da dutse.
Na busar da iskar naitirojin.
Na ɗaga kwalbar ga fitila: wayam.
A cikin wannan wayam ɗin aikina yake.

Na'urar tana gurnani a ƙuryar ɗaki.
Ta zuƙe ɗigon, ta mai da shi tururi,
ta kora shi cikin bututu siriri kamar gashi,
mita talatin a naɗe.
Gajerun sarƙoƙi su riga fita,
dogaye su taho suna jan ƙafa.
A bakin ƙofa wuta ta doke su, su tarwatse,
a auna kowane ɓarɓashi shi kaɗai.
Sai tsaunuka su tsiro a kan allo:
mai kabon goma sha shida,
mai goma sha takwas,
can baya wani ɗan tudu, irin na man kifi.
Ashe kana samun kifin kogi, bawan Allah,
ko da sau ɗaya a mako.

Amma tsaunin farko ya yi tsawo da yawa.
Na saka kwalbar da ba komai cikinta,
ita ma ta fito da tsauninta.

Ƙarfe ɗayan dare. Janareto na tari.
Na bi sawu: ruwan wanki, murfin roba, bakin allura.
Sai na ga ɓula a safar hannuna ta dama,
daidai kan babban yatsa.
Da magariba na ci ta'amiyya a tsaye,
na wanke hannu sau biyu.
Na'ura ba ta san kunya ba.
Ta haɗa ni da manomin ta auna mu tare,
hantarsa da yatsana, nauyi guda.

Na zauna na yi dariya ni kaɗai,
dariyar da ba ta da nisa da kuka.
Baba, yatsanka karatu yake yi,
nawa rubutu ya yi a inda ba a sa shi ba.

Na gasa kwalabe a tanda har asuba.
Na sa safa biyu.
Na buɗe sanyi na ɗauko rabin da ya rage,
ina riƙe numfashi kamar mai ɗauke da jinjirin wani.
A waje mai shayi ta fara hura gawayi.
Wani mutum da ban san fuskarsa ba
yana kwance a kan gefensa na hagu,
yana jiran Ikhlas ta shigo da takarda.